Musayar waƙa: mai jakar goyo da ƙwayar cikin teku

Ɗan Gobarau (Asabar, 9:10 na dare)

Assalamu alaikum 'yan zaure. Halittu biyu na kawo a auna. Ta farko falanigal mai doguwar wutsiya, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a dangin kangaru, wato dabbobin da uwa ke renon ɗanta cikin jakar da ke cikinta. A arewacin Ostireliya take, nauyinta wajen giram 4. Ta biyu ƙwayar bakteriya ce ta cikin teku, Furokulorokokus, wadda sai a 1986 aka gano ta. Ni ina bayan ta teku. Ƙwar huɗu za a yi, babban amsa-amo "ya".

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Gwanin da Ya ƙagi tudu har ruwa,
Ya sa rai ga ƙwayar da ba ta ganuwa,
Ya mai da ta gatan mutan duniya.

Tana nan a teku, ido bai gani,
Ka jera dubu nata kan ma'auni,
Milimita guda ba su kai, kun ji ni,
Ku bar duba jiki, ku dubi moriya.

Da hasken rana take girkinta,
Ta zuƙe kabon, shi ne hatsinta,
Ta saki oksijin, ba ta neman ladanta,
Mu shaƙa a Katsina har Jibiya.

Ina falanigal? Jaɓa ce kawai,
Giram huɗu ce, babu tsoka da mai,
Ta tsagar ƙasa take leƙe dai,
Wa ya san da ita ban da Ostireliya?

Jikan Kusugu (Asabar, 9:48 na dare)

Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo, to riƙe.

Bakatsine, yaushe ka san teku?
Ajiwa ce iyakar ruwan naku,
Ku je ku yi wanka a dam ɗinku,
Ku bar mu da mai jini, mai zuciya.

Giram huɗu, amma ka ga aikinta,
Dare in ya yi sai ta bar raminta,
Ta kama fara kusan girmanta,
Ta kayar, ta cinye, ta kaɗa wutsiya.

Ƙoƙon kanta fa shimfiɗaɗɗe ne,
Milimita uku zuwa huɗu ne,
Tsagar baƙar laka gidanta ne,
In rani ya dare ƙasa, ta sami hanya.

Uwa ce, da 'ya'ya, da jakar goyo,
A nan za su sha nono su yi wayo,
Taka ba ta san reno ba, ba koyo,
Ta tsage biyu, shi ke nan zuriya.

Uwar Biyu (Asabar, 10:05 na dare)

Allah Ya ja kwana, ɗan Daura, ka wanke mu! Malam Ɗan Gobarau, da girmanka, amma wanda bai taɓa goyo ba ya bi zancen jaka a hankali. Ga nawa.

Ana haifo ɗanta bai ƙosa ba,
Ba gashi, ido bai buɗe ba,
Ƙafafun baya ba su ƙarasa ba,
Da hannu yake jan jiki shi ɗaya.

Ya kai ga nono ya cafke shi,
Kan nonon ya kumbura a bakinshi,
Uwa na gudu ba ta yar da shi,
Ku nuna mini haka a bakteriya.

Akwai ma wata 'yar'uwarta a kudu maso yammacin ƙasar, mai rayuwa da ruwan fure da garinsa kawai. Jaririnta wajen miligiram 5 ake haifar shi, babu dabba mai shayarwa da ke haifar ƙasa da haka. Uwarsa ba ta raina shi ba, ta goye abinta.

Baban Ajiwa (Asabar, 10:11 na dare)

Ta Dikko ɗakin kara! Malam, kada a kwana da wannan. An taɓa Ajiwa, an taɓa ni. Ruwan da suke raina wa shi ke shiga famfunan birni.

Ɗan Gobarau (Lahadi, 6:02 na safe)

Barci ya rinjaye ni, Baba, amma bashi bai kwana biyu ba.

Ɗan Daura, kai ke mani gorin ruwa?
Maciji guda ya bar ku da ƙishirwa,
Daga Juma'a sai Juma'a ake zuwa,
Sai da baƙo ya ƙwato maku rijiya.

Hajiya, na ji goyo, na girmama,
Huɗu ne zuwa takwas, ba gardama,
Tawa ta ciyar da na ƙasa da na sama,
Furokulorokokus ce ta goyi teku gaba ɗaya.

Takan tsage biyu kusan kowace rana,
Ƙananan halittu su cinye su kwana,
Su ma kifi ya cinye, ya zo hannuna,
Ka ci kifin gwangwani ka zagi bakteriya?

Ga lissafi ga masu son lissafi. A mililita 1 na ruwan teku mai ɗumi akan sami 100,000 nata ko fiye. Jimillarsu a duniya, masana sun kiyasta, 3 ne da sifili 27 a bayansa. Suna nan daga saman ruwa har zurfin mita 150 zuwa 200, iyakar inda haske ke kaiwa. A kawo mani mai jaka guda da ta yi wa duniya rabin wannan hidima.

Malam Mai Aruli (Lahadi, 7:30 na safe)

Ku dakata, akwai gyara kafin a ci gaba. Ɗan Gobarau, ka buɗe da karin Mutaƙarib tsaf. "Da sunan Ta'ala nake farawa", gaɓa 11 ce, gajera ɗaya dogaye biyu, haka har ƙarshe. Madalla. To me ya kai ka ga "Furokulorokokus ce ta goyi teku gaba ɗaya"? Gaɓa 17 na ƙirga, kuma gajeru shida ne a jere tun daga farko. Babu bahari, wato karin waƙa, da ke ɗaukar wannan kaya. Hujjarka mai kyau ce, amma ɗangon da ya ɗauko ta ya faɗi da ita.

Baban Ajiwa

Allah gafarta Malam, suna ne fa. Gutsure shi zai yi?

Malam Mai Aruli

Ya ce "ta teku", ya ce "koriyar ƙwaya", ya bar sunan a bayanin da ya yi a sama. Gwani ba ya rasa ƙofa.

'Yar Ƙofar Sauri (Lahadi, 8:15 na safe)

Ni abin da ya ɗaure mani kai, yatsun Malam ba su ƙirga na ɗan Daura ba. "In rani ya dare ƙasa, ta sami hanya" gaɓa 13 ce. Sannan ɗango uku a jere ya rufe da ne, ne, ne. Wannan maimaici ne, ba amsa-amo ba.

Gafarta Malam, mudu biyu ka riƙe,
Na auna Katsina ka matse ka shaƙe,
Na auna Daura ka bar shi a sake,
Ɗan Zango, ina ka ajiye gaskiya?

Uwar Biyu

Kai, yarinya, Malam sa'an babanki ne.

'Yar Ƙofar Sauri

Na ce gafarta, Gwaggo. Ƙirgar ce ba ta san sa'an baba ba.

Malam Mai Aruli (Lahadi, 8:50 na safe)

Ɗiyata, awo bai da dangin gari,
Halilu na Basra ya tsaro kari,
Na Daura ya karye, ina nan, bari,
Na Dikko ya karye ƙafa har wuya.

I, ni ɗan Zango ne, ban ɓoye ba. Amma wanda ya wuce da gaɓa biyu da wanda ya wuce da shida ba gado ɗaya ake kwantar da su ba. Halilu ɗan Ahmadu ya fitar da bahari 15, malamai suka ce Ahfashu ya ƙara na 16, Mutadarik. Ki ɗauki ɗangon malaminki ki zaga da shi duka sha shidan, in ya sami masauki ki dawo ki gaya mani.

Baban Ajiwa

Makaɗan fada da suka yi wa sarakunan Katsina da na Daura waƙa, wa ya karanta Halilu a cikinsu? Kotso da taushi ne ma'auninsu. In kalma ta yi tsawo sai su gaggauta harshe ta shige, kiɗa bai ɓaci ba. Na rera ɗangon Malam yanzu a kan tafi, ya zauna daram.

Malam Mai Aruli

Alhaji, nan babu kotso, babu 'yan amshi. Rubutacciya muke yi. Mai karatu a waya ba ya jin tafinka.

Baban Ajiwa

Rubutacciyar ma ai rera ta ake yi. Wa ya taɓa jin an karanta waƙar wa'azi kamar wasiƙa?

'Yar Ƙofar Sauri

A ja "ro" ta biyu a tsawaita ta, gajerun sun rabu. Sunan baƙo ne, ba wanda ya yanke masa tsawon wasali a Hausa.

Malam Mai Aruli

Ko kin ja ta har Kaita, 17 tana nan 17.

Jikan Kusugu (Lahadi, 2:20 na rana)

Na dawo daga kasuwar Mai'aduwa na iske an cinye zaure da ƙirga. Ƙanwata ta Ƙofar Sauri, "ne" ɗina uku na nan, ban janye ko ɗaya ba. Malam Ɗan Gobarau kuma ya taɓa Kusugu.

Rijiyar da ka zaga, ita ce tushe,
Daga nan Hausa bakwai suka tashe,
Kumayau naku jikan gidan ne, ashe,
Ɗa ba ya gorin uwa, sai maras kunya.

Tawa tun 1906 aka san ta,
Aka ba ta suna, aka rubuta,
Taka shekara tamanin tana bayanta,
Mai daraja ba ya ɓata haka a duniya.

Ɗan Gobarau

Ba a san ta ba, amma ana shaƙa,
Ba ta jira yabo, ba ta jira waƙa,
Mai aiki a ɓoye shi ya fi ɗaukaka,
Mai jiran a gan shi, wannan riya.

Ɗan Auta (Lahadi, 4:40 na yamma)

Yayyena ku ba ni wuri, yau na fara.

Ni dai bakteriya ba na son ta,
Ita ke kawo amai da gudawa da damina kowa ya san ta,
Falanigal ba ta taɓa kwantar da kowa ba a rayuwarta,
Don haka na zaɓi ta Ostireliya.

Jikan Kusugu

Auta ya yi magana! Ɗaya ta ƙaru a Daura.

Malam Mai Aruli

Ɗana, amsa-amonka ya tsaya, saura yanka ɗango. Ka neme ni ta akwati, zan nuna maka yadda ake raba gajera da doguwa. Kada ka daina.

Gwaggo Nas (Lahadi, 9:05 na dare)

Auta, wannan ba zan bari ya wuce ba, don aikina ne. Mai kawo kwalara wata ce daban, Bibriyo ake ce da jinsinta. Gaskiya ne ita ma ruwa ne gidanta, musamman inda kogi ke haɗuwa da teku, tana maƙale a jikin wasu ƙananan halittun ruwa. Shi ya sa a ƙauyukan Bangaladesh da mata suka riƙa tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu, masu kamuwa suka ragu da kusan rabi. A 2003 aka fitar da sakamakon. Mu nan hanyarta ita ce bayan gida ya sadu da ruwan sha. In ta kama mutum, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye. Na ga waɗanda jiran safiya ya kai su kabari.

Ɗana, gida ɗaya ba hali ɗaya ba,
Ta Malam ba ta taɓa sa kowa zawo ba,
Tafasa ruwa, rufe masai, ka duba,
Ka wanke hannu ka zauna lafiya.

Ɗan Gobarau (Litinin, 6:30 na safe)

Na gode, Gwaggo. Amma tunda ɗan Daura ya yi tafi da aka kama ni da laifin dangi, to ga nasa dangin, antekinus, wata 'yar dabba mai jakar goyo ta Ostireliya.

Tunda laifin dangi kuke ɗora mani,
Ga antekinus, ku ba ni bayani,
Mazansu ba sa cika shekara, kun gani,
Mako biyu na barbara, sai mutuwa bai ɗaya.

Ba ci, ba barci, gashi na zuba,
Garkuwar jiki ta rushe, ba duba,
Ɗa ya zo duniya bai ga uba ba,
Ɗan Daura, wannan ce taku tarbiyya?

Jikan Kusugu

Antekinus daban, falanigal daban, Malam. Ka san haka, ka fi ni karatun halittu.

Ɗan Gobarau

Bibriyo daban, tawa daban. Jiya ba ka tuna ba.

Uwar Biyu (Litinin, 11:15 na safe)

Malam, ka kawo zancen uba, to ka buɗe ƙofar da na daɗe ina jira.

Shi dai mutuwa ce ta ɗauke shi,
Bai saki uwar 'ya'ya don son ranshi,
Na nan garin fa, da rai da lafiyarshi,
Ya bar yara takwas, yana neman amarya.

Ka zaga unguwa ka ƙirga zawarawa,
Da goyo a baya, da talla, da yunwa,
Uban na majalisa yana shan inuwa,
Dabbar giram huɗu ta fi shi zuciya.

Ita in ta fita da 'ya'yan take,
In sun fi jaka, a sheƙa suke,
Ta dawo ta shayar, tana nan a farke,
Ku nuna mini mai yin haka cikin masu rawani da alkyabba da tsiya.

Na san ɗangon ƙarshe ya yi tsawo, Malam Mai Aruli. A bar mini shi haka.

Malam Mai Aruli

Na bar maki, Hajiya.

'Yar Ƙofar Sauri

An bar mata, ba a bar wa namu ba. Ku dai shaida. Amma a wannan gaɓar na ajiye Katsina na bi Gwaggo, don abin da ta faɗa a layinmu yake. Kuma Malam Ɗan Gobarau bai gaya maku ba, mace ce kan gaba wajen gano ƙwayar tasa, Farfesa Sallie Chisholm ta jami'ar MIT a Amurka, ita da Robert Olson, a tekun Sargaso cikin Atilantika. A 1988 suka sanar wa duniya.

Mace ta gano ta, mace ta goya,
Ko ta teku ko ta jakar baya,
Maza na ta ƙirgar gaɓa da hayaniya,
Aikin dai na hannun 'ya'ya mata da iya.

Baban Ajiwa

Hajiya, ba duka maza ba. Akwai masu kwana a tasha don kuɗin makarantar yara. Zan amsa da baiti, a ba ni zuwa dare.

Bakatsinen Ikko (Laraba, 10:40 na dare)

Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Aikin tashar jirgin ruwa ya riƙe ni, sai yau na karanta daga sama har ƙasa. Tunda an ce Bakatsine bai san teku ba, ga ɗaya yana kallon sa kullum.

Abu na farko, ba kowace bakteriyar teku ce ke ɓuya wa ido ba. A 1997 an samo wata a lakar gaɓar Namibiya da ke kai milimita 0.75, ana ganin ta ba na'ura. A 2022 aka bayyana wata daga tsibirin Gwadalup mai tsawon kusan santimita 1. Abu na biyu shi ne ya sa na rubuto, don jaka da bakteriya sun taɓa haɗuwa wuri guda. A gaɓar Hawayi akwai wata 'yar dabbar ruwa mai hannuwa da yawa, dangin sukwid. Tana ƙyanƙyashewa, sai ta tsinci wata bakteriya mai ba da haske daga ruwa ta ajiye a cikinta.

A gaɓar Hawayi akwai wata dabba,
Da jaka a cikinta, ku zo ku duba,
Bakteriya ce ciki, dare har Asuba,
Tana ba ta haske, tana samun kariya.

Hasken ya shafe inuwarta,
Kifin da ke ƙasa bai hango ta,
Da Asuba ta fesar da mafi yawanta,
Saura su yaɗu su cike ma'ajiya.

Jikan Kusugu (Laraba, 10:58 na dare)

Allahu Akbar! Shaida daga gidansu.

Malam, ka ji zance daga bakin naka,
Irin wadda kake wa kirari da waƙa,
Da ta so gata sai ta nemi jaka,
Goyo dai goyo, ko a ƙasan Maliya.

Ɗan Gobarau (Laraba, 11:06 na dare)

Mai jakar ce ke bara, ɗan Daura,
Ba don hasken ba da ba ta yi saura,
Abinci take biya, ka ji ka gyara,
Wannan ba goyo ba ne, fitila ce ta haya.

Baban Ajiwa

Fitila ce ta haya! A rubuta wannan a Ƙofar Soro.

Uwar Biyu

Wadda ta ɗauke ka a cikinta, ta ciyar da kai, ta kare ka, ko me ka biya ta goyo ne, Alhaji.

Malam Mai Aruli (Alhamis, 5:50 na safe)

Jikan Kusugu, "naka" da "jaka" sun ƙare da ka, "waƙa" ta ƙare da ƙa. Ba su zama amsa-amo ɗaya ba. Ɗan Gobarau ya yi irin wannan ranar Lahadi da "ɗaukaka", na gani. Ɗangon fitila gaɓa 14 ne. Mai gaɓa 17 kuma har yanzu ba a taɓa shi ba. 'Yar Ƙofar Sauri, ki lura yau da Daura na fara.

Ɗan Gobarau

Ba zan taɓa shi ba, Allah gafarta Malam. Halittar da ta yi wannan hidima ba a san da ita ba sai 1986, ba ni zan ɓoye sunanta don gaɓa shida ba.

Uwar Biyu (Alhamis, 7:25 na safe)

Baban Ajiwa, ran Litinin ka ce zuwa dare. Yau Alhamis. Ina jiran baitinka a kan iyayen yara.